Ranar da Ɗayyabu Ya Yi Mana Turanci

Rijiyar garinmu ba ta jiran zafi ya kankama. Ana gama sussukar gero take fara ja da baya, kafin rani ya yi nisa kuwa sai dai ka zura guga ka jawo shi da laka a gindi. Daga nan sai fadama. Duk macen da ke Gidan Barau, ƙauyenmu da ke kusa da Toranke, ta san hanyar fadamar nan kamar hanyar madafarta. Da sanyin safiya ake fita, a tone yashi, a zauna jiran ruwa ya tsattsafo, a kamfata da ƙoƙo, a dawo gida rana ta take, wuya ya sage.

A shekarar da nake ba ku labari, kansilanmu ya zo da albishir. Wata ƙungiya mai haƙa wa ƙauyuka rijiyar burtsatse, irin mai aiki da hasken rana, ta gama rabonta saura guda ɗaya. Garuruwa biyu ke neman ta: mu da Ɗorawar Maikuɗi, can ta wajen Kademi. Ya ce mutanen za su zo da kansu su duba, wanda suka ga ya fi shan wahala shi za su ba. Ni dai da na ji haka har na ji sanyi a raina, don in wahala ake nema, ba mu da abokin gasa.

Maza suka taru a ƙofar gidan Mai unguwa Barau don a zaɓi wanda zai yi wa baƙi magana. Ba a wani ja ba, aka ce Ɗayyabu. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce hassada ce ke cina. Ya yi kwalejin horon malamai, shi ke koyar da Turanci a firamaren garinmu, kuma tun da ya dawo daga karatun nan, ko sannu ka yi masa sai ya duba ko akwai inda zai gyara maka. Matarsa Kubura 'yar Ɗorawar Maikuɗin ce, tana ɗauke da cikin fari, ya riga ya fito sosai. Da cikin nan take bin mu fadama.

Ni aurena ya mutu, ina zaune a gidanmu tare da Inna, ɗakina na kallon nasu. Saboda haka duk abin da ya biyo baya a kunnena aka yi shi.

Washegarin zaɓen, ana idar da sallar asuba, na ji wani irin surutu kamar ana soya gyaɗa a busasshen kasko. Na leƙa. Ɗayyabu ne a bakin ƙofa, ya jingina madubin Kubura da turmi, ya riƙe 'yar takarda a gaban leɓensa, yana ta maimaita wata magana da gudu.

"Lafiya kuwa, Ɗayyabu?"

"Atisaye nake, Yaya Baiwa. Karya-harshe ne na Turanci." Ya nuna mini wayarsa, wata Baturiya na ta murguɗa baki a ciki. "Matsalarmu mu Hausawa ita ce harafin pi da na ef, ba ma raba su. Da Bature ya ji ka haɗa su, shi ke nan ya raina ka. Kin ga takardar nan? In na faɗi harafin daidai, iska za ta kaɗa ta."

Ya gyara murya ya zabgo: "Five poor farmers fetch fifty full pails!" Takarda ta kaɗa. Ya dube ni yana washe baki kamar wanda ya ciyo kofi.

Na ɗan taɓa sakandare a Gaya kafin a yi mini aure, ba a sayar da ni da Turanci gaba ɗaya. Na ce masa, "Ba cewa kake manoma biyar matalauta suna ɗebo bokiti hamsin cike ba? To ai labarinmu ne. Ka faɗa musu haka a hankali, ka ƙara da cewa mata ne ke ɗebowa, har da masu ciki."

"Haba Yaya, ba don ma'ana aka yi shi ba. Don harshe ne."

"To su baƙin me za ka ce musu?"

"Abin da za a faɗa ai kowa ya sani. Yadda za a faɗa shi ne aikin."

Na ja tsaki na ɗauki jarkata. Muna yara mun yi irin wasan nan a dandali da namu harshen, wanda ya karkace a yi masa dariya a wuce. Ban taɓa ganin magidanci mai gemu ya mai da shi ibada ba sai a gidanmu.

Abin ya yi ta gaba. Yau ya cusa biro tsakanin haƙora yana magana yawu na zuba, gobe ya kunna kyandir da rana tsaka yana hura shi da haruffa. Kaji ma sun daina firgita. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar maƙogwaro. Baturiyar wayarsa ta ce a riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi, don haka safe da yamma Kubura za ta ɗumama masa ruwa, ya kai baki, ya ɗaga kai sama ya yi ta gurgurarsa, sannan ya fesar a gindin zogale. Ruwan da ta ɗauko a ka tun daga fadama, ƙafafunta a kumbure.

Wata rana a hanyar dawowa ta sauke jarkarta a gindin wata tsamiya, ta dafa ƙugu. Yarinya ce mai kunya, ko sunan mijinta ba ta faɗa.

"Yaya," ta ce, "Malam dai zai faɗa musu, ko?"

"Zai faɗa mana, ba don haka aka zaɓe shi ba?"

"Allah ya sa. Ni dai wuyana ya gaji. In na haihu ban san yadda zan yi da goyo da jarka ba."

Na taya ta ta ɗora, muka ci gaba. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Da ranar ta matso, sai Ɗayyabu ya ga harshensa shi kaɗai bai isa ba. Ya tattara 'yan aji biyar da shida ya ce su ma za su yi wa baƙi karya-harshe, don a san Gidan Barau ba garin jahilai ba ne. Garin ya ɗauka. In ka wuce ta bayan makaranta sai ka ji kamar tsuntsaye sun sauka a gonar dawa. Har awaki sai da aka riƙa kora da fifty full pails.

Sannan ya je wa Mai unguwa da sauran buƙatu. Ya ce ba zai tsayar da yara gaban Turawa da kaushi da dauɗa ba, dole kowane yaro a yi masa wanka, a wanke masa kayan makaranta. Filin da za a zauna a share, a yayyafa masa ruwa sosai. A jera randuna cike a inuwa, a ajiye butoci, ko baƙi za su so wanke hannu. Mai unguwa Barau dattijo ne mai gudun abin kunya, a duniya ba abin da yake tsoro kamar a ce baƙo ya zo garinsa ya ga gazawa. Ya ce ai wannan haka yake, baƙo ba a nuna masa tsiraicin gida.

Na shiga wajen Inna na ce, "Inna, mutanen nan rashin ruwa za su zo gani, mu kuma muna shirin nuna musu kogi."

"Ke dai kin cika baki, Baiwa," ta ce. "So kike a ce mun karɓi baƙi kamar mabarata? Ɗauki tulu."

Na ɗauka. Duk matan gari muka ɗauka. Ban taɓa ganin an ɗebi ruwa a garin nan kamar na kwanakin nan ba. Sai da muka tone fadama kamar masu neman zinariya. Aka roƙi Haruna, Bafulatanin da ke zaune a gefenmu, ya ba da aron amalankensa da shanu, aka yi ta jigilar jarkoki. Wankin kayan yara kuwa a bakin matacciyar rijiyarmu aka yi shi, don nan ne kaɗai ke da daɓen siminti. Kubura ba ta zauna ba ko sau ɗaya, don matar mai jawabi ce, ido na kanta.

Ranar ta zo. Da hantsi farar mota ta shigo gari, ta tarar da fili a jiƙe yana ƙamshin ƙasa kamar an yi ruwan farko. Yara sun jeru fes, sun sha mai suna ƙyalli. Randuna a jere, kowace da moɗa a kai, raɓa na tsattsafowa a jikinsu. Wata Baturiya ta fito, dattijuwa ce da rana ta gasa wa fuska, tare da tafintarta, wata budurwa 'yar Kano mai suna Halima Sadiya. Ina kallon Halima Sadiya lokacin da ta taka jiƙaƙƙiyar ƙasar nan, ta dubi randuna, ta dube mu. Ita kam ta gane, Bahaushiya ce.

Ɗayyabu ya fito cikin kwat ɗin da ya aro a Gaya, zufa na bin wuyansa. Ya ɗaga wa tafinta hannu ya ce ta huta, yau ba a buƙatarta. Ya ɗaga biro sama kamar sanda, yara suka ɓarke. Suka fara a hankali, suka ƙara gudu, suka ƙara, har maganar ta koma guɗa. Baturiya ta yi ta dariya tana tafi, ta ciro waya tana ɗauka. Ko kalma ɗaya ba na jin ta tsinta. Gaskiyar garinmu ke nan kaɗai da aka faɗa a filin nan, ita ma an faɗe ta da gudun da ba mai kama ta.

Daga nan ya shiga jawabi. Ya yi maraba, ya yi godiya, ya yabi ƙungiya, ya yabi iyayen ƙungiya. Na lura duk kalmar da ke da haruffan nan nasa biyu sai ya bi ta da gangan, ya tsaya a kanta ya fesa ta, ya saci kallon Baturiya ya ga ko ta lura. Inuwa ta gushe daga kan mutane, bai kai ga ruwa ba. Da ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ta katse shi cikin ladabi, ta tambaye shi yaya lamarin ruwa yake a garin.

Wallahi na ga idonsa ya yi haske. Akwai wata kalma da ya yi makonni yana gogewa a gaban madubi, bai sami inda zai saka ta ba sai yanzu.

"Perfectly fine, Madam. We thank God."

Wato lafiya ƙalau, mun gode Allah. Ya faɗe ta tsaf, da akwai takarda a gaban bakinsa da ta tashi sama. Maza suka gyaɗa kai, don sun ji an ambaci Allah.

Halima Sadiya ta raɗa wa Baturiya wani abu, suka taso suka nufo inda mata ke tsaye a gindin katanga. Idon Baturiya ya sauka a kan cikin Kubura. Tafinta ta ce, "Baiwar Allah, ana tambayarki, kina shan wahala wajen samun ruwa?"

Kubura ta sunkuyar da kai. Ga Inna surukarta a gefe, ga Mai unguwa, ga mijinta ya taho yana zare mata ido kada ta ɓata masa taro.

"Alhamdu lillahi," ta ce, da ƙyar ake jin ta.

Halima Sadiya ta rage murya. "'Yar'uwa, abin da kika faɗa shi zan juya mata. Ki faɗi yadda abin yake."

"Muna samu dai. Sai godiya."

Ban ga laifinta ba. Haka aka tarbiyyantar da mu duka, ko wuƙa ce a wuyanka aka ce yaya gida, sai ka ce lafiya. Amma ni haƙurina ya ƙare. Na ɗaga murya na ce, "A kai ta ta ga rijiya mana! Ta ƙafe tun kaka!" Inna ta kai mini mintsini a cinya, maza suka juyo suna hararata, amma tafinta ta riga ta juya maganar.

Aka ɗunguma bakin rijiya. Baturiya ta leƙa, ta jefa tsakuwa, ta ji ta faɗi a busasshe. Na ce a raina to madalla. Sai kuma ta dubi daɓen, ga danshin wankin jiya, ga kumfar sabulu ta bushe a gefe, ga kwata ta yi baƙi da laka. Ta ce to duk ruwan nan da ta gani daga ina yake, kuma wurin da nisa?

Wannan karon Mai unguwa ne ya amsa, da murmushinsa na mai karɓar baƙi. Ya ɗaga haɓa ya nuna gabas.

"A'a, ba nisa. Nan ne bayan gari."

Duk wanda ya taɓa tambayar hanya a ƙasarmu ya san "nan ne" ɗin mutanenmu, sai ka yi tafiya har takalminka ya tsinke. Halima Sadiya ta ce, "Baba, kamar tafiyar yaya?" Ɗayyabu ya shiga tsakani da Turanci, ya ce kusa ne ƙwarai, ruwa kuma plenty. Ita ma kalmar ya fesa ta yadda ya kamata. Na buɗe baki, Mai unguwa ya ce, "Baiwa, ya isa haka," a gaban kowa. Baturiya ta duba agogo. Karya-harshe da jawabi sun cinye lokacin da za a je a ga fadamar, ga shi ana jiran su a Ɗorawa. Kafin ta shiga mota ta kama hannun Ɗayyabu ta ce Turancinsa na da kyau sosai.

Mun ji labarin yadda aka yi a Ɗorawar Maikuɗi. Su sun ma manta da ranar. Mota ta shiga ta tarar da gari ba kowa sai tsofaffi, aka nuna musu hanyar wani kududdufi, suka iske mata biyu na dambe a kan kwano ɗaya na jan ruwa, yara fururu kamar an tono su. Ba wanda ya ce musu ko welcome. Ba a jima ba motar haƙa ta wuce mu da rugugi ta nufi can.

In kuna zaton Ɗayyabu ya ji kunya, ba ku san ƙanena ba. Tafinta ta turo masa hoton bidiyon yaran, ya bi majalisa-majalisa yana nunawa, har shagon cajin waya na Toranke sai da ya kai shi. In aka tayar da maganar rijiya sai ya ce siyasa ce aka yi mana, amma dai Baturiya da bakinta ta yaba. Mu kuwa muka koma fadamar da muka riga muka ƙwaƙule saboda baƙi, sai da muka ƙara nisa kafin mu sami yashi mai danshi.

Da watan Kubura ya kama, iyayenta suka zo suka tafi da ita goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Aka yi suna a can. Ta yi wankan jegonta safe da yamma da ruwan famfo, tukunya cike, ba mai auna mata. Arba'in ta cika, aka shiga wasu kwanaki, shiru. Aka aika, aka ce tana ƙara hutawa. Aka sake aikawa, aka ce jaririya na mura. Daga ƙarshe Inna ta ce in shirya in raka shi mu taho da ita.

Ya goya ni a babur ɗin aro cikin zafin bazara. Ni dai ban tafi hannu sake ba, na ɗaura jarkoki biyu a baya, yana ta mitar zan zubar masa da mutunci a garin surukai. Tun daga nesa muka hango tankin a sama, farantan sola na walƙiya. Famfunan kuwa a ƙofar gidan su Kubura aka jera su, har wata 'yar kwata ta yi hanya, an dasa rama a bakinta ta yi kore shar.

Mahaifinta ya karɓe mu a zaure, aka gaisa, ya ce shi bai hana ta ba, ga ta nan a tambaye ta. Ta fito da goyo a baya, ta yi ƙiba, ta yi haske, wuyan nan ya miƙe. Ta durƙusa ta gaishe ni. Shi kuwa ta gaishe shi tana kallon ƙasa.

"Kubura, ki haɗa kayanki mu tafi," ya ce. "Zaman ya isa haka."

"An samu ruwan ne a can, Malam?"

"Ana nan ana ƙoƙari. Ke yanzu zaman gidan iyaye da aurenki, haka za ki yi ta yi? Yaya kike jin zaman nan ɗin ma?"

Ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Fafekli fayin," ta ce. "Mun gode Allah."

Na zuba wa Ɗayyabu ido ina roƙon Allah a raina ya sa ya ba ta haƙuri, ko ya ce shi zai riƙa ɗebo mata, ko da ƙarya ce. Na ga leɓɓansa na motsi, ya haɗe su, ya cika kumatu da iska.

"Ba fafekli ake cewa ba. Haɗa leɓenki ki ce per..."

Ta miƙe, ta gyara goyonta, ta shige cikin gida ta saki labule. Mahaifinta ya dubi rufin zaure ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na kwance jarkokina na bi layin famfo. Da na cika su na ɗaure a babur, sai ya ce nauyi ya yi yawa, taya ba za ta ɗauke mu duka ba. Na ce masa ba komai, ya wuce da ruwan a hankali ni zan biyo shi a ƙafa, ai gida nan ne, ba nisa.